Kwanon Rufin Gidan Inna

"Wai ni kam, Turancin nan na surukinki, shi ne ke jin Bature ko Bature ne ke jin sa?"

Goggo Rimse maƙwabciyarmu ce ta yi wa Inna wannan tambayar a bakin rafi. Ina bayan dutse ina cika goruna, ba su san ina wurin ba.

Inna ta ce, "Oho. Ni dai na ga su biyun duk suna gyaɗa kai."

"Gyaɗa kai? Ai ƙadangaren da ke kan dangarki ma yana yi."

Surukin da ake magana a kansa mijina ne, Jingran. Shekara biyu ke nan da ya tare a gidanmu, tunda ni ce 'yar da za ta gaji Inna, mu 'yan ƙabilar Garo kuwa miji ke bin mace gidan uwarta. Kafin aurenmu ya yi wata goma sha huɗu a Dhubri, can bakin babban kogi, yana jan igiyar fifita a gidan wani Bature. Fifitar tana rataye a cikin ɗaki, igiyar ta biyo ta wata 'yar kafa a bango, shi kuma yana zaune a baranda yana ja. Ta wannan kafar Turanci ya shige shi. Ya dawo mana da tsohon kwat, da lema, da takalmin da ƙafar hagu ta fi ta dama girma, da kalmomin da ni dai ban taɓa jin sun wuce bakwai ba. Da su yake gaida kaji, da su yake korar alade. In giyar shinkafa ta ratsa shi sai ya ce a Dhubri har Turawa kan kira shi gefe su tambaye shi in wata kalma ta shige musu duhu.

Turawan nan biyu sun iso ƙauyenmu bayan ƙonan gonaki, sauran 'yan makonni damina ta sauka. Ɗaya dogo ne, shi ke ba da umarni, muka sa masa Jan Wuya. Ɗayan gajere ne, ba ya rabuwa da wani baƙin akwati mai ƙafa uku, yakan leƙa cikinsa yana murɗa wani hannu a gefe kamar mai gurzar auduga, shi kuma muka sa masa Mai Gurza. An ce hoto mai motsi suke ɗauka, na mutanen daji, za su kai ƙasarsu a kalla. Mun yi ta waige-waige ba mu ga mutanen dajin ba. Sai daga baya muka gane ashe mu ne.

Sun zo a wahalce. Tafintansu zazzaɓi ya kayar da shi tun a gindin dutse. Wajen ƙetare rafi kuma wani ɗan dako ya zame da kayansa, ruwa ya shiga wasu faifayen ƙarfe masu murfi, inda ake ajiye dogon baƙin zirin da akwatin ke ci. Mai Gurza ya zazzage zirin ya watsar yana zage-zage, aka jera faifayen a rana.

Jingran ya zura kwat ɗinsa cikin wannan zafin, ya buɗe lema, ya ratsa taro, ya ƙame gaban Jan Wuya ya ce, "Yassa!" Ba a tambaye shi komai ba. Jan Wuya ya yi murna kamar ya ga ɗan uwarsa, ya kama zuba magana ta hanci. Duk inda ya tsaya numfashi, Jingran ya ce, "Yassa."

Wani dattijo ya ce, "Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ku."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Haka Turanci yake, Baba. Da na juya muku shi duka, da kanku ya yi ciwo."

A kwana na uku Jan Wuya ya zaga gidaje ya zaɓi namu, don ya fi kowanne tsawo. Ya hau tsani, ya buga goshi a dokin ƙofa, ya shiga, ya fito yana yamutsa fuska. Ya nuna rana, ya nuna akwatin, ya nuna jinkarmu, sannan ya yi hannu kamar mai buɗe tukunya. Wannan kam ko kurma ya gane. Akwatin ba ya gani a duhu, so yake a yaye mana rufi.

Jinkar nan wata biyu ke nan da baibaya ta. Ni da Inna muka yanko shucin da sanyi, dami ɗari da hamsin, muka ɗauko a baya daga kan tudu. Duk ƙauye ya taru kwana huɗu ana ɗauri. Yanzu tuddai sun ƙone ƙurmus, babu wani shuci sai baɗi. Ni kuma ina da nauyi, wata bakwai, lissafina ya faɗa tsakiyar damina.

Inna ta ce, "Gaya masa a'a."

Jingran ya juya ya ce, "Yassa."

Jan Wuya ya ga fuskar Inna, ya gane akwai saura. Ya yi murmushi, ya je ya tsaya kusa da faifayen nan da aka shanya, ya ƙwanƙwasa na sama da lofensa na shan taba, ya faɗi wata kalma, ya ɗaga yatsu goma, ya ƙara biyu. Kalmar kuwa kowa ya san ta, don ta daɗe da shiga kasuwa. Kwano.

Ni na ga inda lofen ya taɓa. Jingran bai gani ba, ya juya baya yana duba ko mutane na kallonsa. Da kalmar ta faɗa kunnensa sai ya daka tsalle, takalmin hagu ya fice.

"Inna, kin ji? Kwano! Falle goma sha biyu! Ya ce ki ba shi aron rana ta kwana uku, shi kuma ya rufa miki gida da kwano!"

Goggo Rimse ta ce, "Duk a cikin kalma ɗayan nan?"

"Goggo, ke da ba ki taɓa wuce kasuwar gindin dutse ba, ki bar wa masu shi."

"Ina kwanon yake? Ni ban ga ɗan dako da falle a ka ba."

"Yana baya. Bature ba ya tafiya da kyautarsa, kyautarsa ce ke bin sa."

Inna ba sakarya ba ce, amma tana da wurin da ake kama ta. Ta taɓa ganin rufin kwano a shagon mai sayen auduga, shekara tara da suka wuce, har yau in ta tuna sai ta ce yana ƙyalli kamar cikin kifi. Jingran ya san haka. Ya matso ya rage murya yadda kowa zai ji. Ba ɓera, ba gobara, ba sauran yankan shuci har abada. In ana ruwa, duk ƙauye zai ji ƙarar gidan Inna. Wata kuwa sai dai ta leƙo ta danga. Inna ta dubi Goggo Rimse, ta dubi jinkar, ta ce, "To. A yaye rabi."

Da yamma ina zuba masa shinkafa na yi ta maza na ce, "Lokacin da ya faɗi kalmar, na ga kamar yana ƙwanƙwasa waɗancan faifayen ne."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Noje, Noje. Bature in zai yi alkawari dole ya ƙwanƙwasa wani abu. Al'adarsu ce. Nawa na Dhubri tebur yake duka. Ƙaro kifi."

Na ƙara masa kifi.

Kashegari aka yaye rabi. Mai Gurza ya leƙa akwati ya girgiza kai. Aka yaye ɗaya rabin. Ya sake leƙawa, ya ce ƙafafun akwatin ba su da wurin tsayawa, aka kwance bangon gaba. Kafin rana ta take, gidan da kakata ta haifi Inna a cikinsa ya koma kamar kwandon kaji, duk mai wucewa yana ganin inda muke ajiye barkono.

Sai Jan Wuya ya shiga fitar da kaya. Fitilar ƙwai, waje. Madubin Inna, waje. Kofunan tangaran, bargo, almakashi, duk waje, wai mutanen daji ba su da su. Mayafin da Inna ta sayo a kasuwa aka sa ta cire, aka lafta mata duwatsun wuyan kakarmu waɗanda ko a biki ba ta sa su duka. Ta daka shinkafa ɗaya sau bakwai har ta koma gari. Ni aka zaunar da ni a gindin murhu ina juya tukunyar da babu komai a ciki. Kunya ta sa na rufe fuska, Mai Gurza ya ji daɗi, ya sa na maimaita.

Jingran kuwa ya shafa man kwakwa, ya zauna a tsakiya da kwat da lema a buɗe, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Jan Wuya ya kama shi ta kafaɗa ya kai shi inda aka tara fitila da madubi, ya ajiye.

Goggo Rimse ta ce daga danga, "Af, an haɗa ka da kofuna?"

"Ya ce fuskata ta fi ƙarfin akwatin. In na shiga, sauran mutane ba za su fito ba."

"Gaskiyarsa. Ko madubi yana shan wuya."

Rannan da la'asar Kawu Toban, yayan Inna, ya dawo daga kai auduga kasuwa. A gidanmu ba a kafa ko turke sai da saninsa. Ya tsaya a tsakar gida da kwando a baya, ya daɗe yana kallon sama ta cikin tsaikon.

"Kai, suruki."

"Na'am, Kawu. Sannu da hanya."

"Ina rufin gidan ƙanwata?"

"Yana hanya, Kawu."

"Wanda na yi kwana huɗu a kansa har bayana ya riƙe nake tambaya."

"Au, ciyawar? Ga ta can."

"Ciyawar." Kawu ya sauke kwando a hankali. "Ka ga kwanon da idonka?"

"Na ji shi da kunnena."

"Kunnen nan da ya yi wata goma sha huɗu a jikin bango?"

Mutane suka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya sa aka ɗaure shucin dami-dami aka jera a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya ce ranar da Turawa suka ɗaga za a mayar, kuma duk wanda ya zari ko tsinke ɗaya zai haɗu da shi. Da safe ya tafi gona gyaran bukka, don shuka ta ƙarato.

Bai kai rafi ba Jingran ya hau tsaiko da adda. Wai kwano ba ya son tsini, a kwance yake zama, haka ya gani a Dhubri. Ya sassare gorar sama, ya rage tsawon ginshiƙi. Ya auna falle da igiya daga abin da ya tuna, ya ga igiyar ta yi kaɗan, ya ƙara sara. Ya sauko ya ja da baya ya duba, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya koma ya daidaita. Ɗayan ya fi. Ya koma. Da Inna ta dawo daga rafi, in ta miƙa hannu tana taɓa ƙololuwar gidanta.

"Jingran, wannan gida ne ko akurki?"

"Sabon yayi ne, Inna. Za ki saba."

"Sai dai in saba da rarrafe."

Har ya fara rabon abin da zai ragu. Ya yi wa dattijon nan alkawarin rabin falle don rumbu, ya ce Goggo Rimse ma zai duba ta in ta gyara bakinta. Ta ce ya bari, ba ta son kajinta su yi girman kai.

A kwana na shida Jan Wuya ya fito da fatar damisa daga cikin kayansa, tsohuwa, asu ya cinye mata kunne ɗaya. Da hannu da ƙafa ya nuna abin da yake so: damisa ta fito daga cikin ciyawa, mutanen daji su kore ta da wuta. Sai dai ina ciyawar? Ya dubi tuddai, toka ce ko'ina. Ya ɗaga kafaɗa zai haƙura.

Jingran ya ce, "Yassa!" ya nuna gindin mangwaro.

Inna ta ce, "Kawunku ya ce kada a taɓa."

"Aro ne, Inna. Tsayar da ita kawai za a yi. Ciyawa ba ta tsufa don ta tsaya."

Aka kwaso dami ɗari da hamsin aka kakkafa a fili, aka yi daji. Saura mai shiga fata. Duk maza suka ja da baya, don kowa ya san ba a wasa da fatar damisa, akwai waɗanda suka kwanta mutane suka tashi da wutsiya. Jingran ya ce a Dhubri an daina irin wannan tsoron. Ya ce dama tun farko shi Bature ke ajiyewa don babban wuri. Ya tuɓe kwat ya ba ni riƙo, aka ɗaura masa fatar da igiya a ciki da wuya, ya rarrafa ya shige. Takalmin dai ya ƙi cirewa.

Aka ba maza shida bakin wuta, aka nuna musu inda za su tsaya su yi ihu. Kowa an gaya masa aikinsa. Karnuka ne kawai aka manta ba a gaya wa ba.

Mai Gurza ya fara murɗawa. Ciyawa ta motsa. Kan damisa ya leƙo a karkace, ya yi wani kuka kamar ɗan maraƙi. Karnukan ƙauye tara suka taso gaba ɗaya, na Goggo Rimse a gaba. Damisa ta ce, "Orai! Orai!" Ba su ji Turanci ba. Damisa ta miƙe da ƙafa biyu ta zura, fatar ta rufe mata ido, ta yi karo da mai bakin wuta na farko, shi ya faɗa kan na biyu, wutar ta tashi sama ta sauka a tsakiyar dajin.

Shucin da ya sha ranar wata biyu ba ya jiran a roƙe shi. Kafin a kawo gora ɗaya ta ruwa, wuta ta fi mangwaro tsawo. Inna ta ɗora hannu a ka. Maza na dukan wuta da rassa, mata na jan yara, alade ya tsinke igiya. Mai Gurza bai ɗaga ido daga akwati ba, murɗawa kawai yake yi. Jan Wuya yana tafi yana tsalle kamar an yi masa haihuwa. Damisa ta fito ta ɗaya gefen, wutsiya na hayaƙi, kare ɗaya na maƙale da mazaunanta, ta faɗa kududdufin aladu.

Da aka tsamo shi, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun ga yadda ya yi tafi?"

Inna ta ce, "Rufina, Jingran."

"An rage mana aikin zubarwa ke nan, Inna. Mai kwano me zai yi da toka?"

Goggo Rimse ta ce, "Sannu, Damisar Dhubri. Karena dai kada ya kamu da wani abu."

Da Kawu ya dawo ya ga baƙin fili, bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya ce zai jira kwanon tare da kowa. Daga ranar kullum da hantsi Jingran yakan ɗingisa zuwa bakin hanya da lema, a tsaye, don zama ya gagare shi, yana hangen 'yan dako. Kullum da la'asar kuma hadari yakan haɗo ta kudu, ya yi gunaguni, ya watse. Muka ɗaura tabarmi biyu a kan murhu. Ni dai in na kwanta ina ganin gajimare na wucewa, abin da ke cikina yana shuri.

Ranar tafiyar Turawa duk ƙauye ya hallara tun da safe. Jingran ya tara samari takwas da igiyoyi, su za su tarbi kwano. Ya sa an tace giya. Ya gaya wa Inna ta sa mayafinta, ta tsaya inda akwati zai gan ta.

'Yan dako suka ɗaure kaya. Jan Wuya ya yafito Inna, ya cire malafa, ya yi jawabi. Sannan ya sunkuya ya ɗauko faifan ƙarfe ɗaya ya ɗora mata a hannu. Ya ɗauko na biyu. Yana ɗorawa yana ƙirgawa da ƙarfi, Mai Gurza yana murɗawa. Da ya kai goma sha biyu tarin ya kai wa Inna haɓa. Ya ƙwanƙwasa na sama da lofe, ya faɗi kalmar nan, ya yi murmushi yana jiran godiya.

Inna ta juyo da ido kawai, don wuyanta ba ya juyuwa.

"Jingran. Mene ne wannan?"

Goggo Rimse ta matso ta ɗauki ɗaya, ta buɗe murfin, ta sansana, ta ƙwanƙwasa da farce. "Kwano ne mana. Ba ƙarya ya yi ba. Goma sha biyu cif." Sai ta zauna a ƙasa don dariya ta hana ta tsayuwa. Samari takwas suka dubi igiyoyinsu. Wani ya ce, "Mu ɗauka a ka ne, ko mu yi masa amuku, mu rataya shi a sanda kamar sarki?" Fili ya ɗauka.

Jingran ya ruga gaban Jan Wuya ya juye Turancinsa duka a lokaci ɗaya. "Yassa! Nosa! Orai! Kwano! Gudumoni! Kwano, yassa!" Yana nuna gidan, yana auna faɗin falle da hannuwa, yana nuna sama. Jan Wuya ya dubi gidan, ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce wa Mai Gurza wani abu a hankali, Mai Gurza ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Jan Wuya ya zaro ɗan littafi, ya yi rubutu, ya yage, ya danƙa wa Jingran, ya dafa masa kafaɗa. Tsawa ta yi ƙara ta kudu. Turawa suka dubi akwatinsu, suka lulluɓe shi da tamfol, suka kama hanya da sauri.

Ba su ɓace ba ruwa ya tsuge. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai. Yara suka wawashi kwanonin suka kifa a ka, ƙarar kamar ana biki.

Kawu ya ɗaga murfi ɗaya ya ce, "Ai ka ci riba, suruki. Da murfi da gindi, ashirin da huɗu ke nan. Ga ƙarar da ka yi wa ƙanwata alkawari ma, duk ƙauye na ji."

Jingran ko a jikinsa. Ya ɓoye takardar a ƙarƙashin lema ya ɗaga murya. "Ku dai ba ku san tsarin Bature ba! Waɗannan shaida ce. Kowane ɗaya a madadin falle ɗaya yake. Wannan takardar ita za a kai ofis a garin Tura, su buɗe sito su ba ni. Da bakinsa ya faɗa!"

"Da wane gefen bakin?" in ji Goggo Rimse.

Muka fake a ƙarƙashin gidanta, tsakanin turaku, mu da kaji. Daga nan muna kallon ruwa na zuba cikin gidanmu yana fita ta ƙasa. Murhu ya mutu. Inna tana ta matse bakin mayafi.

Kawu ya fizge takardar ya miƙo mini. "Noje, ke kin yi makarantar mishan. Duba mana."

Shekara uku na yi kafin a cire ni. Turancin baki ba na kama shi, yana gudu, amma na takarda yana tsayawa wuri ɗaya a bi shi da yatsa. Layi huɗu ne, da manyan baƙaƙe. Na bi su a zuci. Mai wannan takarda ba ya jin Turanci. Ko kalma ɗaya. Yana da ƙwazo ƙwarai. Kada a ba shi wuta.

Na juya bayan takardar. Babu komai.

Kafin in ɗaga kai Jingran ya warce ta. "Turancin ofis ne wannan, ba na 'yan makaranta ba. Za ta jiƙa mini ita."

Kawu ya ƙyale shi, ya juya ga mutane. Aka yi shawara a tsaye, ruwa na kwarara ta gefe. Dattijon nan ya ce yana da dami goma da ya ajiye don rumbu. Wani ya ce zai yaye bukkar gonarsa. Samari suka ce za su shiga kurmi su yanko ganyen kaba a cike. Goggo Rimse ta ce za ta ba da dami ashirin, ba don kowa ba sai don ni da abin da nake ɗauke da shi. Kawu ya ce da sabon tsaiko da baibaya, kwana shida, in ruwa ya ba da fili.

Goggo ta ɗaga yatsa. "Amma da sharaɗi. In wannan ya taɓa ko igiya ɗaya, in ma ya tsaya a ƙasa yana nuni da lema, zan kwashe shucina in koma."

"Ni ma," in ji dattijo. Samari ma suka ce haka.

Jingran bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Yana shafa haɓa yana kallon gidan. "Ina tunani. Tura kwana uku ne zuwa, uku dawowa. Anya in tafi in bar ku da aikin nan? Kada ku yi mini tsaiko mai tsini, in dawo da kwano ya ƙi zama. Ƙila gara in tsaya in nuna muku yadda ake yi, takarda ai ba ta ruɓewa."

Na ga hannun Goggo ya fara tattara zanenta.

Ban taɓa magana a gaban taro ba. Na ji muryata ta fito 'yar ƙarama. "Kada wani ya riga ka zuwa siton."

Ya zabura. "Wa?"

"Ban sani ba. Na ga dai 'yan dakon nan sun ga lokacin da aka ba ka."

Ya dubi hanya. Ya cusa takardar cikin kwat ya dafe. "Kun ji? Ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan. Zama da ni ne." Na roƙi Goggo shinkafar da ta rage a tukunyarta, na ƙunsa masa a ganyen ayaba da busasshen kifi da barkono. Ya ɗauki kwano ɗaya don shaida, ya buɗe lema, ya ce wa samari su ajiye igiyoyinsu kusa, ya ɗingisa ya bi sawun Turawa cikin taɓo.

Ruwa na tsagaitawa aka ji sarar gora ta ko'ina. Kawu ya hau abin da ya rage na tsaikon yana kwance ɓarnar. Ina tsaye a ƙasa ina miƙa masa igiya, sai ya leƙo.

"Noje, ba ki gaya mini ba. Me takardar ta ce?"

In na faɗa, Kawu zai gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Goggo, kafin la'asar wani ɗan ƙwazo ya bi Jingran da gudu don ya ga fuskarsa. Gobe da safe yana tsakar gida da lema, Goggo kuma ta kwashe shucinta.

Na ce, "Rubutun Bature a harɗe yake, Kawu."

Ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi igiyar.

A nan na yanke a raina ba zan gaya wa kowa ba. Ko an gama baibaya, ko ya dawo daga Tura da wani sabon labari, zan zuba masa shinkafa, in ƙara masa kifi, in yi shiru a ƙarƙashin rufina.